Yadda Ake Gane Ko Na'urar Ɗumama Gida Za Ta Iya Sanyaya Ɗaki

Cikin kayan lantarki na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Sin da Japan da Koriya, waɗanda ake kira 'yan Beljiyom, akwai wasu na'urori masu kama da iyakwandishan sak, amma a can inda aka ciro su babban aikinsu ɗumama gida ne lokacin sanyi. Wasu a kasuwar Sabon Gari ta Kano ake sayensu a wuce da su Bichi ko Gaya ko Ringim, wasu kuma ɗan'uwa mazaunin waje ne yake sako su a kwantena tare da firiji da talabijin. A jikinsu akan ga an rubuta Heat Pump, a nan kuma za mu kira su na'urar jan zafi. Mutumin Gumel ko Haɗeja, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40 da rana, ba ɗumama ce ta dame shi ba, so yake ya san ko abin zai ba shi sanyi kafin ya kashe kuɗin kafawa. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori suna iyawa, wasu ba sa iyawa ko kaɗan, wasu kuma a rubuce suna iyawa amma ba za su yi a ɗakinsa ba. Ana rarrabe ukun nan da ido da hannu da ɗan haƙuri, kuma ya fi kyau a bi matakan a jere, domin kowane mataki yana iya hutar da mutum daga wahalar na gaba.

Kafin a taɓa komai, yana da amfani a san abin da na'urar take yi. Ba ta ƙirƙirar zafi, ba ta kuma ƙirƙirar sanyi. Kwashe zafi take yi daga wani wuri ta zuba shi a wani. Wanda ya saba da injin ban ruwa a fadama ya riga ya san wannan aiki, domin injin ba ya yin ruwa, daga kogi yake ja ya zuba a gona, kuma da za a juya tiyo biyun, daga gona zai ja ya mayar kogi. A cikin na'urar akwai gas da kwamfireso yake matsawa yana zagayawa cikin bututun jan ƙarfe. Inda gas ɗin ya saki jiki ya zama tururi sai ya sha zafin wurin, wurin ya yi sanyi, inda aka matse shi ya koma ruwa kuma sai ya fitar da zafin. Iyakwandishan na yau da kullum gefe ɗaya kawai yake ja, daga ɗaki zuwa waje. Na'urar jan zafi mai aiki biyu tana da bawul da yake juya tafiyar gas ɗin, shi ya sa take iya ja ta kowane gefe. Tun a shekarar 1852 masanin nan na Birtaniya, William Thomson, wanda daga baya aka fi sani da Lord Kelvin, ya bayyana cewa inji ɗaya zai iya ɗumama gini ya kuma sanyaya shi, saboda haka abin ba sabo ba ne. Abin da za a bincika shi ne ko wanda ya ƙera wannan da ke gabanka ya bar mata hanyar yin duka biyun.

Mataki na farko: a gane wace iri ce

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne yanke hukunci, kuma kallo kawai yake buƙata. A duba abin da ke fita daga injin waje zuwa cikin gida. Idan bututun jan ƙarfe biyu ne, ɗaya siriri ɗaya mai ɗan kauri, suna tafiya zuwa wani dogon akwati mai fanka da ake kafawa a saman bango, to wannan iska take ɗumamawa kai tsaye, kuma irinta kusan dukkansu suna sanyayawa. A gaskiya iyakwandishan ce da aka ƙara wa bawul. Wanda ya samu irin wannan ya yi sa'a, sauran matakan tabbatarwa ne kawai.

Idan kuwa a bayan injin an ga bakin fayif irin na ruwa masu zare, kaurinsu ya kai inci ɗaya ko fiye, ko kuma ta zo da wani akwati mai famfo da ƙaramin tanki a ciki, to wannan ruwa take ɗumamawa, ruwan ya zagaya gida cikin lagireton bango ko cikin bututun da aka binne a daɓe. Ita ce ta fi yawa a Ingila da Jamus. A Ingila gwamnati tana ba da tallafin da ya kai fam 7,500 tun daga watan Oktoba na 2023 ga mai son cire na'urar ɗumama gida mai amfani da gas ya sa irinta, kuma yawancin gidajen can don ɗumama kaɗai suke sa ta. Wannan iri ce mai rikitarwa, za mu dawo kanta da kyau.

Akwai wasu biyu da ba sai an daɗe a kansu ba. Ta farko doguwar tanki ce mai ɗaukar lita 200 zuwa 300 da ɗan inji a kanta, aikinta dafa ruwan wanka. Gaskiya ne tana hura iska mai sanyi yayin da take aiki, kuma mai sayarwa zai iya sa ka tara hannu ka ji, amma da zarar ruwan tankin ya yi zafi sai ta tsaya, don haka ba na'urar sanyaya ɗaki ba ce. Ta biyu ita ce mai jan zafi daga ƙarƙashin ƙasa, wadda ba ta da fanka a waje, sai an haƙa mata rami mai zurfi an zura bututu. A Turai tana iya ba da sanyi cikin arha saboda ƙasar can a ƙarƙashi tana zama kusa da digiri 10 duk shekara. A Kano da Jigawa zafin ƙarƙashin ƙasa yana bin matsakaicin zafin shekara ne, wato a kewayen digiri 26, shi ya sa ruwan burtsatse yake fitowa da ɗumi-ɗumi, kuma wannan arhar ba za ta samu ba. A ganina wanda aka kawo wa irin wannan ya nemi mai saye kawai.

Mataki na biyu: a karanta takardar da ke manne a jiki

Kowace na'ura tana da takardar bayani manne a gefen injin waje, wata kuma a gefe ko ƙarƙashin akwatin ciki. Sau da yawa ƙura ta rufe ta, sai a goge da tsumma mai ɗan laima, a ɗauki hotonta da waya a buɗa shi yadda za a iya karanta ƙananan lambobin. Abin da ake nema layi biyu ne. Layin da aka rubuta Cooling Capacity yana nuna ƙarfin sanyayawa, wanda aka rubuta Heating Capacity kuma ƙarfin ɗumamawa, kowanne da adadi a gabansa cikin kW ko W ko BTU. Idan duka biyun suna nan da lambobinsu, kamfani ya ƙera ta don aiki biyu. Idan layin ɗumamawa ne kaɗai, ko kuma an ja ɗan layi a gurbin lambar sanyi, to amsar ta fito. Haka nan haruffan EER ko SEER na sanyi ne, COP ko SCOP kuma na ɗumi, ganin na farkon alama ce mai kyau. Wadda ta fito daga Jamus za a ga Kühlen a wurin sanyi, Heizen a wurin ɗumi. Ta Japan tana ɗauke da 冷房 a wurin sanyi da 暖房 a wurin ɗumi, ta Sin kuma 制冷 da 制热, kuma ba sai mutum ya iya karatunsu ba, kwatanta zanen kawai zai yi.

Lambar samfuri ma tana magana ga wanda ya san ta. A na'urorin da aka yi don kasuwar cikin gida ta Sin, lambar da ta fara da KFR tana nufin mai sanyi da ɗumi, wadda ta fara da KF ba R kuma sanyi kaɗai take yi, sannan adadin da ya biyo baya shi ne ƙarfin sanyi, misali KFR-35GW tana ba da wat 3,500. A Mitsubishi Electric, MSZ mai aiki biyu ce, MSY mai sanyi kaɗai. A Daikin, FTX mai aiki biyu, FTK mai sanyi kaɗai. Duk waɗannan suna sanyayawa, bambancinsu a ɗumamawa yake. Inda harafi ɗaya yake raba mai sanyi da marar sanyi shi ne a masu ruwa: akwatin ciki na Mitsubishi Ecodan da ya fara da EH ɗumama kaɗai yake yi, wanda ya fara da ER shi ne mai juyawa, haka a Daikin Altherma EHBH ɗumi ne zalla, EHBX kuma yana yin duka biyun. Idan akwai data a waya, a rubuta cikakkiyar lambar a intanet a nemo littafin kamfanin, domin shi ne shaidar da ta fi bakin mai sayarwa da bakin mai gyara. A kuma tabbatar injin waje da akwatin ciki 'yan gida ɗaya ne, saboda a kayan hannu ana yawan haɗa kan wannan da jikin wancan, kuma masu inbata, wato waɗanda kwamfiresonsu yake ƙara gudu ya rage gwargwadon buƙata, ba sa aiki idan fanel ɗinsu biyu, wato allunan lantarkin da ke sarrafa su, ba su san juna ba.

Tun da takardar tana hannu, kada a ajiye ta sai an duba abubuwa uku da za su iya kashe maganar ko da na'urar tana sanyayawa. Na farko wuta. Wutar Najeriya 230V ce a kan 50Hz, daidai da ta Turai da kusa da ta Sin mai 220V. Ƙananan na'urorin Japan da yawa 100V ne, kuma duk wanda ya jona su kai tsaye ya ƙona fanel nan take, sai da taransifoma mai ƙarfin ɗaukarsu. Na Amurka da Koriya ta Kudu da Saudiyya 60Hz ne, kuma kwamfireso marar inbata da aka yi don 60Hz idan ya hau wutarmu gudunsa yana raguwa da kashi ɗaya cikin shida, sanyin ya ragu, shi kuma ya riƙa ɗaukar zafi. Manyan masu ruwa na Turai wasu 400V ne masu layi uku, abin da gidan ƙauye ba shi da shi. Na biyu ajin yanayi, wanda ake rubutawa T1 ko T2 ko T3. An auna ƙarfin T1 ne a zafin waje na digiri 35, iyakar aikinta kuma wajen 43. An auna T3 a digiri 46, tana jurewa har 52, ita ake yi wa ƙasashen Larabawa. T2 ta ƙasashe masu sanyi ce, a digiri 27 aka auna ta. Mai T1 za ta yi aiki a wurinmu, ita ce ma ta fi yawa, amma a tsakiyar bazara tsakanin azahar da la'asar sanyinta zai ja baya, wani lokaci ta kashe kanta ta huta, musamman idan injin yana fuskantar rana. Na uku irin gas, R22 ko R410A ko R32 ko R290. R22 tsohon yayi ne da ake janyewa a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, ganinsa yana nuna na'urar ta kwana biyu. R32 yana iya kamawa da wuta, R290 kuwa ɗan'uwan gas ɗin girki ne, dole mai gyara ya san da wannan kafin ya kunna wutar walda kusa da bututu.

Mataki na uku: rimot da bawul

A rimot akwai maɓallin da aka rubuta MODE, duk dannawa ɗaya yana canja alama a gilashin. Alamar rana ɗumi ce, ɗigon ruwa busar da laimar ɗaki ne, fanka iska ce kawai, alama mai rassa shida kamar tauraro kuma ita ce sanyi, wani lokaci da kalmar COOL a gefenta. Sai dai rimot shaida ce mai rauni. Yawancin kayan hannu ba sa zuwa da nasu, ana haɗa su ne da rimot na kasuwa mai shiga kowace na'ura, shi kuwa duk alamomin yake nunawa ko na'urar tana da su ko ba ta da su. A allon masu ruwa kuma wannan alama mai rassa shida tana iya nufin kariya daga daskarewar bututu, ba sanyaya gida ba. 

Bawul ɗin kansa yana cikin injin waje kusa da kwamfireso. Wannan dubawa aikin mai gyara ne, bayan an cire wuta gaba ɗaya an ɗan jira, domin kafasita tana riƙe wuta ko bayan an kashe, kuma tana iya jefar da mutum. Idan ya kwance murfin gefe, za a ga wani guntun bututun tagulla a kwance, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, bututu ɗaya ya shige shi ta gefe guda, uku a jere ta ɗaya gefen, da ɗan akwati mai waya biyu manne da shi. Idan na'urar mai hura iska ce kuma tana da wannan, aiki biyu take yi. Idan ba ta da shi, iyakwandishan ce zalla, kuma ga mai neman sanyi wannan ba asara ba ce. A mafi yawan waɗannan ƙananan na'urori, bawul ɗin yana zaune ne a gefen sanyi, sai an ba shi wuta yake juyawa zuwa ɗumi, saboda haka ko wayarsa ta mutu sanyin yana nan. Amma a masu ruwa ganin bawul ba ya tabbatar da komai, kuma a nan ne masu gyara da yawa suke ruɗuwa. Ko wadda ɗumi kaɗai take yi tana da shi, saboda a lokacin sanyin Turai ƙanƙara tana kama injin waje, sai na'urar ta juya na 'yan mintuna ta narkar da ita ta koma aikinta.

Mataki na huɗu: gwaji

Duk abin da ya gabata karatu ne, gwaji shi ne gani da ido, kuma idan da hali a yi shi kafin kuɗi su bar aljihu. Ba laifi ba ne a ce wa mai shago, "Alhaji, a haɗa mini ita a nan in ji sanyinta, ko kuma mu yi sharaɗi a gaban shaida cewa idan an kafa ba ta yi ba zan dawo da ita." Mai kaya nagari ba ya ƙin wannan.

Kada a kunna injin waje shi kaɗai ba a haɗa shi da na ciki ba. Wanda ya ciro na'ura bisa ƙa'ida yakan tara gas ɗin a injin waje ya kulle bawul biyu na gefe, kuma tayar da kwamfireso a haka yana iya lalata shi. Idan an ɗauko ta a kwance a bayan mota ko a kan babur, a tsayar da ita daidai ta yi wasu sa'o'i, gara ma ta kwana, don man kwamfireso ya koma mazauninsa. Mai haɗawa ya ɗaura bututu, ya zuƙe iskar ciki da injin zuƙa, sannan ya buɗe bawul biyun. Masu gaggawa sukan tsallake zuƙar nan su ɗan saki gas ya kore iskar, wannan kuwa yana barin laima a ciki, kuma ita ce take cin na'ura a hankali.

A zaɓi lokacin gwaji. Da asubahin hunturu, lokacin da sanyi kan sauko ƙasa da digiri 15, na'urori da yawa ba za su tayar da kwamfireso don sanyi ba, sai a zaci sun lalace. A bari sai rana ta ɗaga. A sa alamar sanyi, a sauke lamba zuwa mafi ƙanƙanta, 16 ko 17 ko 18 gwargwadon samfuri, a sa fanka a mafi ƙarfi. Idan rimot yana nuna lambobi irin 60 zuwa 86, ma'aunin Amurka ne, a sauke shi ƙasa kawai. Kada a sa a AUTO, domin a nan na'urar ce take zaɓa wa kanta, tana iya ɗumamawa. Idan babu rimot, a ɗaga murfin gaba na akwatin ciki, akwai ɗan maɓalli a gefen dama da ake tayar da ita da shi, a wasu samfura dannawa biyu tana tilasta mata sanyi. Fankar ciki za ta fara, amma kwamfireso yakan jira kamar minti 3 kafin ya tashi, wannan kariya ce da aka gina mata, ba matsala ba ce, kuma kashewa da kunnawa a wannan tsakanin sake lissafin kawai yake sawa.

Bayan minti 10 zuwa 15 sai a zagaya da hannu. Iskar da ke fita daga akwatin ciki ta zama mai sanyi sosai, ba irin ta fanka ba. A fita waje a tara hannu gaban babbar fanka, dole a ji iska mai zafi fiye da ta gari, domin zafin ɗakin ne ake zubarwa; idan iskar nan ba ta da zafi, ba a kwashe komai ba. A taɓa bututu mai kauri a inda ya shiga injin, ya kamata ya yi sanyi har ya fara gumi. Wanda yake son tabbaci ya sa ma'aunin zafi a saman akwatin ciki inda iska ke shiga, sannan a bakin da take fita. Bambancin digiri 8 zuwa 12 yana nuna lafiya. Ma'aunin zazzaɓi na asibiti ba zai yi wannan aiki ba saboda ba ya sauka ƙasa da digiri 32, sai irin na ɗaki ko na firiji. Daga ƙarshe a duba tiyon ruwa. Da damina, cikin rabin sa'a zai fara ɗiga, har a cika bokiti a wuni. A watan Fabrairu ko Maris, lokacin da iska ta bushe ƙayau, yana iya ƙin ɗiga ko kaɗan alhali na'urar lafiya lau take, don haka kada a yanke hukunci da shi a rani.

Idan gwajin bai ba da sanyi ba, yadda ya gaza yana nuna inda ciwon yake. Iska mai zafi daga ciki tare da bututu mai kauri da ya yi zafi, alhali an sa sanyi, alama ce bawul ya maƙale a gefen ɗumi, ko kuma na'urar mai kai da yawa ce, wani kan a wani ɗaki yana kan alamar rana, domin injin waje ɗaya ba ya yin sanyi da ɗumi a lokaci guda. Fanka tana juyawa amma kwamfireso ya yi gurnani ya yi shiru, a fara zargin wuta ba ta cika ba ko kafasita ta mutu, duka biyun gyaransu mai sauƙi ne. Ƙanƙara a kan siririn bututu da ɗan maiƙo a mahaɗa yana nuna gas ya zube, kuma a toshe inda yake zuba kafin a ƙara, a kuma ƙara irin wanda aka rubuta a takarda, ba wanda ya samu a jakar mai gyara ba. Lambar da ke walƙiya a gilashi, irin E1 ko F3, ma'anarta ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, sai a duba littafin wannan samfurin.

Komawa kan mai ruwa

A ce takarda ta nuna tana sanyayawa, wataƙila da rubutu irin A35/W7 ko A35/W18, wato a zafin waje na digiri 35 tana fitar da ruwa mai digiri 7 ko 18. Har yanzu da sauran aiki. Sau da yawa an kulle sanyin a cikin saitin mai kafawa, sai an shiga da lambar sirri an buɗe, wasu samfuran ma sai an ƙara wani ɗan kayan da ake saya daban. Bayan an buɗe, ruwan sanyin yana buƙatar abin da zai miƙa shi ga ɗaki. Lagireton bango ba ya yi, domin ba shi da fanka, kuma da zarar ƙarfen ya yi sanyi laimar ɗaki za ta taru a jikinsa ta riƙa zuba a ƙasa ba tare da wani mazubi ba. Bututun cikin daɓe yana ɗan yi idan ruwan bai sauka ƙasa da digiri 18 ba, amma a watan Agusta, lokacin da iskarmu ta cika da laima, daɓen zai jiƙe, tabarma da katifa su yi fumfuna. Abin da ke aiki shi ne akwati mai fanka da lagireto a ciki da tiren tara ruwa a ƙasa, ɗaya a kowane ɗaki, da fayif da aka naɗe da baƙin soso tun daga inji har ɗaki ba tare da an bar ko taƙi ɗaya a buɗe ba, da famfo da tankin ajiya. Kafin a sayi waɗannan a kuma samo wanda ya iya haɗa su ya zo ƙauye, kuɗin sun isa sayen sabuwar iyakwandishan mai garanti. Ga asibiti ko makaranta mai ɗakuna da yawa lissafin yana iya fita, ga gida mai ɗaki biyu ko uku ba na ganin ya fita.

Mataki na ƙarshe: ko ɗakin da wutar za su ɗauka

Na'urar da ta ci gwaji a shago tana iya ba da kunya a gida idan ta yi wa ɗakin kaɗan. A kasuwa da ƙarfin doki ake magana: doki ɗaya yana daidai da BTU 9,000 ko kilowat 2.6 na sanyi, ɗaya da rabi BTU 12,000 ko kilowat 3.5, biyu kuma BTU 18,000 ko kilowat 5.3. A lura cewa lambar sanyi za a duba, ba ta ɗumi ba, wadda galibi ta fi girma kuma ita mai sayarwa zai nuna. Doki ɗaya yana isar ɗaki sha biyu sha biyu mai silin. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara ya fi sauƙin sanyaya, ɗakin bulo mai kwano ba silin kuwa ko doki biyu wahala zai sha, kuma kuɗin silin sun fi kuɗin ƙarin doki amfani.

Wutar da take ci tana layin da aka rubuta Power Input, doki ɗaya yana cin wat 750 zuwa 950, ɗaya da rabi kuma sama da 1,000 kaɗan. Marar inbata tana fizgar ninkin wannan sau da yawa a daidai lokacin tashi, shi ya sa ƙaramin janareta na cajin waya da kallon ƙwallo ba ya tayar da ita, inbatar sola ƙarama kuma takan yanke. Mai inbata a hankali take tashi, idan ɗaki ya yi sanyi ta rage ci, ita ce ta dace da mai sola, sai dai fanel ɗinta ba ya son wuta mai hawa da sauka, don haka a haɗa ta da sitabilaiza idan da wutar Nefa za ta yi aiki.

Wajen kafawa, a sa injin waje a inuwa, gefen arewa ko ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gaba, a ɗaga shi sama da inda awaki da kaji za su kai, a bar masa sarari a baya don ya sha iska. Tiyon ruwa ya gangara ba tare da lanƙwasa sama ba, kuma kada ya zuba a gindin bangon ƙasa, domin damina ɗaya ta isa ya zaizaye shi. A sa bokiti ko a ja shi zuwa gindin bishiya. Zanzaro yana son gina ɗakinsa a bakin tiyon nan lokacin da ba a amfani da na'urar, ruwa ya koma ya zubo ta cikin ɗaki, tsaka da ƙadangare kuma suna shiga akwatin fanel su haɗa wuta, don haka a toshe ramin bango da kyau a kuma duba tiyo kafin bazara. Ragar da ke bayan murfin ciki a wanke ta duk sati biyu a lokacin ƙura, injin waje kuma a kashe wuta a wanke haƙarƙarinsa da ruwa marar ƙarfi a ƙarshen hunturu, saboda na'urar da ƙura ta toshe tana nuna duk alamun wadda gas ya ƙare mata, kuma mutane da yawa suna biyan kuɗin gas alhali wanki kawai ake buƙata.